Shekarar Gayyar Sallama

Jiya bayan la'asar aka yi ruwan shuka. Tun azahar hadarin yake kai-kawo a bayan duwatsu yana yi mana rowa, sai da muka fid da rai sannan ya sauko. Ina tsaye a ƙofar madafa ƙamshin ƙasa ya buge ni, ban san lokacin da na kifa turmi na taka na sauko da zangarniyar kaurar da ta shekara a rataye cikin hayaƙi ba. Ta yi baƙi ƙirin, amma da na murza ƙwayar a tafin hannu sai ga ta garau, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. A kan tabarma kuma wayata tana ta ƙara, masu amsa saƙon zumar bana ne suke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da waɗannan biyun suka haɗu mini, irin dawa a hannu da ƙarar saƙo a kunne, sai na tuna wata shekara, yau fiye da shekara goma ke nan, wadda azumi ya faɗo a ƙarshen bazara.

Daminar da ta gabace ta ba ta yi mana kyau ba. Tsutsa ta fara shiga masara tun tana gwiwa, ta rarake zuciyarta, wadda ta tsira kuma tana cikin goyo ruwa ya ɗauke. Mu mutanen bayan Doguwa da muke yi wa na arewa dariya cewa ƙasarsu rairayi ce, a waccan kakar mun sunkuyar da kai. Kafin zafi ya kankama, in ka ƙwanƙwasa rumbu sai ya amsa maka kamar ganga.

Haka azumi ya same mu. Zafin kuwa sai wanda ya gani. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, gugan rijiya ya dawo da rabin ruwa rabin laka. Sahur ɗumame ne in an samu, in ba a samu ba kunun kanwa tsararo. Buɗa-baki kuwa mangwaro ne ya rufa mana asiri, sai garin ɗorawa da muke damawa yara su lasa, sai kwaɗon zogale wanda ƙulin cikinsa sai an yi bincike. Ba wanda yake cewa yunwa yake ji, ai azumi ake yi. Azumin nan ya suturta gidaje da yawa.

Abu ɗaya ne ya yi albarka: zuma. Ɗorawa da kaɗanya sun yi fure kamar ba su san abin da ake ciki ba, ƙudan zuma suka cika kowace amya har tana ɗiga. Muna da ƙungiyar masu zuma a garinmu, shugabanta Baffa Sale, ƙanen mahaifina. Ni ce sakatariya, don ina koyarwa a firamare kuma ina jin Turanci. Shekarun baya wani shirin gona ya ba mu kwamfuta ƴar ɗauka, ya kuma kai mu baje koli Kaduna, inda masu ɗanɗana zumarmu suka riƙa rubuta mana adireshinsu na imel da hannunsu, suna cewa in sabuwa ta fito mu sanar da su. Ba su da yawa. Kowace bazara nakan aika musu saƙo guda, zuma ta tafi, mu yi hamdala. Amma a waccan shekarar jarkoki sun cika ɗakin zauren Baffa har ƙofa ba ta rufuwa, kuma ba kuɗin cefane muke nema ba, abincin da zai kai gari guda zuwa kaka muke nema.

Dillalan kasuwar Tudun Wada sun ji ƙanshin yunwa tun daga nesa. Suka zo suka tsuguna, suka lakaci zumar suka yaba, sannan suka yi tayin da ko rabin damina ba zai fid da mu ba. Baffa ya raka su har bakin hanya da fara'a, ya dawo yana huci.

Abin da yake tsoro kowa ya sani. A saman madafar matarsa, Inna Kulu, akwai damin irin kaura da ya gada daga kakanmu, doguwar kaura mai jure ɗaukewar ruwa, wadda ita kaɗai ta tsaya da ƙafarta a waccan daminar. Duk zuri'armu wurinsa ake karɓar iri, kuma ɗa namiji ake ba, mace in ta yi aure sai ta shuka na gidan mijinta. Baffa zai iya kwana uku bai ci ba, bai taɓa wannan damin ba. Inna Kulu kuwa ta gaya masa a gabana cewa ita ba za ta zauna jikoki suna kuka, hatsi yana lilo a saman kanta ba. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa na san da gaske take.

Ana cikin haka Baffa ya dawo daga kasuwar Burumburum da wani baƙo ɗan Kano, mai takalmi yana sheƙi da turare mai hawa kai. Sunansa ya ɓace mini, mu dai Mai Adireshi muke ce masa. Ya zaro wata ƴar filas da ake soka wa kwamfuta daga aljihu, ya ce a cikinta akwai adireshin manyan mutane dubbai, daraktoci da ƴan kasuwa da matan gwamnati, duk masu shan zuma. In muka aika musu saƙo sau ɗaya, jarka ko ɗaya ba za ta kwana ba. Ladansa jarkar zuma guda.

Na ce ban yarda ba. Mutanen nan ba su san mu ba, ba su ce mu rubuto musu ba, ban ma san yadda aka yi adireshinsu ya zo hannunsa ba. Baffa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malama Sa'a, mai talla jira yake a san shi kafin ya ɗaga murya?" Dattawan suka yi dariya. Maganar tasa kuwa ba ta rasa kan gado ba. Aka ɗora wa Mai Adireshi jarkarsa a bayan acaɓa.

Baffa ya ce tunda manya za a rubuta wa, shi zai shifta, ni in juya da Turanci. Wannan wasiƙar har gobe in na tuna ta sai na yi dariya. Ta fara da ya masoyinmu abin girmamawa, ta gaida mutum da iyalinsa da gajiyarsa da zafi da ibada, ta yi wa iyayensa addu'a. Sai can ƙasa ta ce muna da wata dukiya mai daraja daga cikin daji, Allah ne ya nuna mana kai don an shaide ka da amana, ka gaggauta tuntuɓarmu kafin dama ta wuce. Na ce Baffa, ko kalmar zuma ba ta fito ba sai a layin ƙarshe. Ya ce haka ake yi, ba a fara wa babban mutum da ciniki kamar an tare shi a tasha. Ya kuma sa na rubuta kan saƙon da manyan baƙaƙe don girmamawa.

A lokacin ba mu da sabis a cikin gari. Sai ka hau dutsen da yake bayan makarantarmu, ka zauna a gindin wata ƙirya, ka juya wajen arewa. Na tashi daga aji na hau da kwamfuta a goye cikin zane, bakina a bushe, dutsen yana huro zafi ta cikin silifa. Na aika wa dubban Mai Adireshi, na aika wa tsofaffin masu sayenmu, duk wasiƙa iri ɗaya. Da shiru ya yi yawa Baffa ya ce a sake, wataƙila suna tafsiri. Na sake. Ya ce a kuma.

Abin da ya fara dawowa ba ciniki ba ne. Saƙonni ne rututu masu cewa wannan adireshin babu shi, wancan ya mutu. Sai wasu ƴan kaɗan na zagi. Wani ya ce zai haɗa mu da hukuma. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsofaffin mutanenmu ma sun yi tsit.

Ran nan ina kan dutsen wayata ta yi ƙara. Hajiya Binta ce, mai shagon kayan gargajiya a Kaduna, wadda tun baje koli ba ta taɓa tsallake shekara ba. Ta ce lafiya bana shiru, ko ƙudan ma azumi suke? Na ce Hajiya, ai na aiko ya fi a ƙirga. Ta ce in dakata. Na ji tana taɓa waya, can ta ce ta gan mu, muna cikin sifam, wato kwandon da ake watsa saƙon ƴan damfara da masu maganin ƙarfi. Ta karanta layin farko ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari.

"Sa'a, wa ya rubuta muku wannan? Wallahi da ban san ku ba cewa zan yi ƴan damfara ne. Haka suke farawa, masoyi, amana, dukiya, gaggawa. Ba abin da kuka rage."

Na yi dariyar yaƙe. Da ta kashe na zauna na yi kuka, don gaisuwar da aka rene mu da ita, wadda in yaro bai iya ba ake cewa ba shi da tarbiyya, ita ce ɓarayi suka ara suka ɓata, har ta zama alamarsu. Kwana biyu bayan haka kamfanin da muke aika saƙo ta wurinsa ya rubuto cewa ƙorafi ya yi yawa a kanmu, in muka kuma za a rufe mu.

Na koma karatu kamar mai shirin jarrabawa. Duk bayanin da kamfanin ya ajiye na bi shi layi-layi a gindin ƙiryar nan, wani wurin sai na maimaita kafin ya zauna. Abin da na gane shi ne, a ƙofar akwatin kowa akwai mai gadi, ba mutum ba, na'ura ce, kuma ba ruwanta da ko kai mutumin kirki ne. Ita dai kallo take yi ta ga yadda mutane suke karɓar ka. In ana buɗe saƙonka ana amsawa, sai ta sake maka hanya. In kana buga ƙofar gidajen da ba kowa, masu gida kuma suna watsar da kai suna cewa ba su san ka ba, sai ta riƙe fuskarka, ta hana ka shiga har gidan da ake son ka. Mun ɓata sunanmu a wurin baƙi, mun rasa ƙofar Hajiya Binta.

Bayan tafsirin la'asar dattawan ƙungiya suka zauna a ƙofar gidan Baffa, ni ina daga bakin zaure. Na yi musu bayani da Hausa tsantsa. Na ce adireshin Mai Adireshi duk a goge su. Namu na asali kuma kada a sake yi musu talla sai mun nemi izini, wanda ya amsa mu ci gaba da shi, wanda bai amsa ba mu ƙyale shi. Baffa ya ce jarka guda ya bayar, kuma mutum dubu sun fi mutum goma ko a wurin jana'iza. Na ce, "Baffa, kwanaki ka tambaye ni ko mai talla yana jira a san shi. Ba ya jira. Amma a titi yake ɗaga murya. In zai shiga gida sallama yake yi, ya tsaya. Akwatin nan kuwa cikin gidan mutum ne."

Baffa ya kama jan gemu. Malam Liman ya gyara zama ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma wannan babin ya san shi. Neman izini sau uku ne. In an ce ka shigo ka shiga, in an ce ka koma ka koma ba tare da ɓacin rai ba, in an yi shiru ma ka koma. Kuma amsa sallama wajibi ne a kan wanda aka yi wa. Ya ce in dai sallama za a yi tsakani da Allah, ba a ɓoye talla a cikinta ba, shi yana ganin za a amsa.

Sauran matsala guda, sallamar ma kwandon shara za ta faɗa, wa zai gan ta? Nan ne Baffa ya nuna shi shugaba ne. Ya ce in gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya me ake yi? Gayya. Ya ce babu gidan da ba shi da ɗa ko suruki a birni, soja ko malamin asibiti ko direba ko ɗalibi. Kowa ya hau dutse ya kira nasa, a tambaye shi in yana son labarin zumar gida. In yana so ya faɗi adireshinsa da bakinsa, ya shiga kwandon ya tsamo saƙon, ya nuna wa mai gadin cewa wannan ba shara ba ce, ya amsa. Ni kuma in kira tsofaffin masu saye waɗanda nake da lambarsu. Malam Liman ya ƙara sharaɗi ɗaya, kada a rubuta sunan kowa a bayan idonsa, ko da ɗan cikinka ne.

Saƙon da na rubuta gajere ne, Hausa a sama Turanci a ƙasa. Na yi sallama, na ce mu ne masu zumar bayan Doguwa, mun dame ku kwanakin baya, ku yafe mu. In kuna so mu riƙa sanar da ku in zuma ta fito, ku amsa ko da kalma ɗaya. In ba kwa so, ku faɗa ko ku yi shiru, ba za mu dame ku ba. Baffa ya sa na karanta masa, ya ce wannan ai ko gaisuwar surukai ta fi shi tsawo. Amma ya bari.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Ba kiɗa, ba fura, ba tuwon gayya, kowa da azumi a bakinsa. Da hantsi gari ya ɗunguma ya hau dutse, tsofaffi suna dafa sanda, mata da goyo, wayoyi ƴan ƙalilan suna yawo hannu zuwa hannu. Inuwar ƙiryar ba ta ishe mu ba, aka kafa zannuwa a kan sanduna. Ni ina tsakiya da kwamfuta a cinya, ana faɗo mini adireshi harafi-harafi, gumi yana ɗiga daga haɓata. Inna Kulu ta karɓi waya ta kira ɗanta soja, ta ɗaga murya kamar tana kiran sa daga gona: "Habu, ka shiga bola ka tsamo takardar babanka." Dutsen nan gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har Malam Liman sai da ya rufe baki da rawani. Mun daɗe ba mu yi dariya tare ba.

Kafin azahar amsa ta fara shigowa. Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam, muna so. Ina karantawa da ƙarfi, duk sunan da na kira sai wata tsohuwa ta ce nawa ne wannan. Wata Madam mai shago a Jos, wadda ba Musulma ba ce, ta rubuto cewa ba ta san yadda ake amsawa ba amma ta amsa, kuma a ajiye mata nata. Wani kuma ya ce a cire shi. Na cire shi nan take. Baffa ya yi ta tambaya me muka yi masa, ko a aika masa kwalba guda a ba shi haƙuri. Na ce Baffa, an ce ka koma. Ya ce to, amma ranar bai ji daɗin buɗa-baki ba.

Ban yi gaggawar talla ba, kuma wannan jiran shi ya fi komai wuya. Na bar kwanaki suka shige, na sake sallama ga waɗanda ba su amsa ba, kaɗan-kaɗan, ba a tare ba. Na kuma bari, na yi ta uku. A tsakanin nan hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, iska tana kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari. Maza suka gama sharar gona suka wasa fartanya. Dillalan Tudun Wada suka dawo, tayinsu ya ma ragu. Wasu ƴan ƙungiya suka fara gunaguni cewa Malama tana can tana gaishe-gaishe, yara suna ramewa. Ina ji, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan ta uku na zauna goge waɗanda suka yi shiru. A cikinsu akwai wani babban Alhaji da ya taɓa tsayawa rumfarmu a Kaduna ya yi musabaha da Baffa, shekara da shekaru Baffa yana ba da labarin. Ya ce wannan dai a bar shi, manya ba su da lokaci ne. Na ɗora yatsa a kan madannin na ce ni ba zan goge ba sai ya ce. Ya daɗe yana kallon sunan da ba ya iya karantawa. Can ya ce, "Mun yi uku?" Na ce mun yi. Ya ce, "To mu koma."

A ranar da yamma na shiga gidansa kai wa Inna Kulu ganyen zogale, na tarar da damin kaura a ƙasa. Ta kwance shi, zangarniya tana cikin ƙwarya a gefen turmi, taɓarya a jingine. Jikokinta uku suna zaune a bakin ɗaki sun zuba wa ƙwaryar ido. Baffa yana zaure, ya san abin da ake yi, bai shigo ba. Na durƙusa na ce Inna, ki ba ni zuwa Juma'a. Ta ce yaran nan fa ba azumi suke ba. Na koma gida na kwashe ɗan garin da ya rage mana, mijina yana kallo bai hana ni ba, na kawo mata. Ta karɓa, ta rufe ƙwaryar da faifai. Ba ta mayar da ita sama ba.

Washegari na hau dutse na aika saƙon zuma, ga waɗanda suka amsa kaɗai. Kalmar zuma ce ta farko a kan saƙon. Na faɗi irin furen da ƙudan suka sha, da yadda muka tace, da farashi, na kuma sa a ƙasa cewa duk wanda ya gaji da mu ya faɗa. Na danna, na zauna ina kallon ƙadangare a kan dutse. Ban jima ba waya ta yi ƙara. Hajiya Binta ce.

"Sa'a, yau ta ƙofa kuka shigo."

Na ce alhamdu lillahi. Ta ce za ta ɗauki abin da ta saba har ninki, kuma ta tura saƙon ga ƙawayenta masu shaguna, wadda take so za ta rubuto da kanta. Suka kuwa rubuto. Madam ta Jos ta rubuto. Ƴaƴan garinmu na birni suka haɗa na abokan aikinsu, ga sallah ta matso kowa yana neman tsaraba. Mutanen da suka rage mana ba su kai ƙwaryar goro ba in aka gwada da dubban Mai Adireshi, amma kowannensu ya buɗe ƙofa da hannunsa. Na roƙi Hajiya alfarma ɗaya, motar da za ta zo ɗaukar zuma kada ta zo fayau, ta taho da buhunan masara a maimakon wani ɓangare na kuɗin.

Ranar Alhamis aka kece da ruwa. Ranar Juma'a motar ta maƙale a rafin da yake kafin gari, maza suka fito daga masallaci da manyan riguna suka shiga laka suka turo ta. Aka sauke masara a ƙofar Baffa, aka loda jarkoki, ƙofar ɗakin zaure ta rufu karon farko tun farkon bazara. A yammacin nan duk gidan da ka wuce ƙarar turmi kake ji.

Da safe na bi ta gidan Baffa zan hau dutse duba saƙo. Na tarar da shi a tsakar gida a kan buzu, ƙwaryar nan a gabansa, yana murza zangarniya yana raba wa ƴaƴansa da ƴaƴan ƴan'uwansa maza, kowa ya tara hula ko aljihu ya wuce gona. Na gaishe shi daga gefe zan fita. Ya ce in dawo. Ya ce in tara. Na ce Baffa, ni? Yayyena suka tsaya suna kallo, Inna Kulu ta leƙo daga madafa. Ba ni da abin tarawa, sai na kama gefen mayafina. Ya cika hannu biyu ya zuba, ya ƙara.

"Kakanku ya ce a ba wanda zai riƙe ta," in ji shi. "Bai ce namiji ba. Mu ne muka ƙara wannan."

Ban hau dutse da wuri ba ranar. Na wuce gonar mijina da iri a mayafi, ina tafe ina share hawaye da kafaɗa, kuma ba na jin kunyar faɗa, ban taɓa jin girman kaina kamar a wannan safiyar ba.

Yanzu sabis har cikin madafata yake shigowa, ƙiryar dutse ta koma wurin hutun awaki. Masu sayen zumarmu sun ninka, amma duk bazara sai na yi wa waɗanda suka daɗe shiru sallama uku, in ba amsa in koma. Baffa ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙansa. Yau da asuba ƙasa ta yi laushi, na kira ƴaƴana na murza zangarniyar. Mazan biyu suka tara huluna. Babbar ƴata, wadda za a kai ɗakinta bayan kaka, tana tsaye a gefe da tsintsiya tana kallo. Na ce mata ta ajiye tsintsiyar ta kama gefen mayafinta.